GIDA MAI SABON FENTI — Shafi na 23

Ku da kuka hana wayata sakat da "a ba Rasmata ɗaki, a ba Rasmata ɗaki", to ga shi ta samu. Sai dai kada kowa ya yi saurin rangaɗa mata guɗa.

*

Rasmata na tsaye kan kujerar roba tana rataye labule a falo, tana 'yar waƙarta ta Mosanci, yarensu na gida. Rabonta da waƙa tun ranar da ta sauka a Kumasi da akwati ɗaya, ta zo koyar da Faransanci a wata makaranta.

Ai dole ta yi waƙa. Wace unguwa ce ba ta taka ba? A Bantama aka ce ba a ba mace marar miji. A Tafo mai gidan na jin bakinta na baƙuwa ya ce ai ɗakin an riga an kama. A Asawase ta samu, amma banɗaki ɗaya ne ga gida guda, layinsa har bakin titi. Dillalai kuwa sun yawata da ita sai da takalminta ya tsinke.

Kuma ba don kanta take wannan wahalar ba. Tun da mijinta ya rasu danginsa suka riƙe 'yarta Balkissa can garinsu Yako, don a wurinsu ɗa na gidan uba ne. Da kyar da siɗin goshi yayan mijin, Tasere, ya yarda da sharaɗi ɗaya: zai kawo yarinyar da kansa, ya ga inda za ta kwana da idonsa. In ya gamsu ya bar ta. In bai gamsu ba ya koma da ita, kuma kada a sake tayar masa da maganar har abada.

Tun jiya suka taso. Yau za su iso.

Shekaranjiya ne Kwabena, mai gyaran waya a bakin makarantarsu, ya ce mata akwai ciki da falo a gidan babansa a Asafo. Ta je ta tarar da gida ya sha sabon fenti ciki da waje, tayil na ƙyalli, banɗaki a ciki. Ta tambayi haya, ya ce, "Madam, ki shiga tukuna, ma yi magana."

A Kumasi fa! Garin da mai gida ke neman kuɗin shekara biyu kafin ya nuna maka makulli. Ni da aka ce mini haka da na tattara zanena na ruga. Amma Rasmata ta gaji, kuma lokaci ya ƙure mata, ba ta yi tambaya ta biyu ba.

Tana cikin gyara labulen aka banko ƙofa, ba sallama ba komai.

Wata gajeriyar tsohuwa ce cikin baƙin zane, ta ɗaure kai da jan ƙyalle. Bayanta mata uku, su ma duk baƙi, ɗauke da ƙullin kaya.

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi labulen, ta taɓe baki.

"Wa ya ce miki wannan za a sa?"

Rasmata ta sauko da sauri. Asantancinta, wato yaren garin, na kasuwa ne, a bakin 'yan sarin tumatir ta koya tun tana Yako, amma yana kai ta inda za ta.

"Maame, sannu da zuwa."

"Shuɗi mai furanni? Ɗakin amarya aka ce miki? Fari na ce, da leshi. Kuma ke kaɗai suka turo? Ina gadon?"

"Gado yana ciki, Maame."

"Wane ciki? A falo za a kafa shi, nan tsakiya. Mutane su shigo ta wannan ƙofar, su zagaya, su fita ta waccan."

"Su zagaya me?"

Sai yanzu tsohuwar ta dubi ɗakin da kyau. Ta ga tukunya kan risho, ta ga akwati, ta ga 'yar rigar makaranta sabuwa an rataye a ƙusa.

"Ke ba mai ƙawata ɗaki ba ce?"

"'Yar haya ce ni, Maame. Jiya na tare."

"Yesu!" in ji ɗaya daga cikin matan, ta saki ƙullinta ya faɗi ƙasa.

"'Yar me?"

"'Yar haya. Kwabena ne ya ba ni makulli. Ya ce gidan babansa ne, baban ya yi tafiya."

Wadda ta yar da ƙullin ta yi wata dariya marar daɗi. "Ya yi tafiya kam. Doguwa ma."

Tsohuwar ta jawo kujerar robar ta zauna, ta dafa gwiwa.

"Ni ce Afrakoma. Mai gidan nan ƙanena ne, cikinmu ɗaya. Yana firijin asibiti tun kafin damina. Gobe da yamma za a kawo shi, a yi masa ado, a kwantar da shi a nan inda kike tsaye, gari ya zo ya gan shi. Asabar a binne."

Rasmata ta ja da baya kamar tayil ɗin ya ƙone ta. A garinsu wanda ya mutu da safe ba ya kai la'asar a waje. Ko a mafarki ba ta taɓa kawo wa ranta mamaci na iya jiran a gama yi wa gidansa kwalliya ba.

"Amma... fentin..."

"Kin taɓa ganin an yi wa gida fenti don ɗan haya a garin nan? Don 'yan makoki aka yi, 'yar nan. Mutane za su zo daga Accra, daga Turai, ba za su ce mun bar ɗan'uwanmu ya fita daga kango ba. Ke ba ki ga hotunansa a bango ba?"

"Wallahi ban ga hoto ko ɗaya ba."

Matan suka dubi juna. Ɗaya ta leƙa waje ta dawo tana tafa hannu.

"Maame, an ɓamɓare su duka. Sai sawun gam."

"Ku kira mini ɗan banzan nan."

Ba su sha wahala ba, ashe Kwabena yana can bakin lungu yana leƙe. Ya shigo yana kaɗa makullai a yatsa, wai shi bai damu ba, amma gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Gwaggo, kun iso lafiya?"

"Gwaggon uwarka. Me ke nan?"

"'Yar hayata ce."

"A ɗakin da za a kwantar da ubanka?"

"Ku kai shi ƙauye. Can ma akwai ɗaki."

Rasmata ta sha gabansa.

"Kwabena, dube ni. Ka san da gawa ka ba ni ɗakin nan?"

"Madam, ki kwantar da hankalinki..."

"Na faɗa maka 'yata na hanya! Na zauna a shagonka na faɗa maka komai har na yi kuka a gabanka. Ka ce gidan babanka ne!"

"Na babana ne mana!"

"Ƙarya kake," in ji Maame Afrakoma, ko ɗaga murya ba ta yi ba. "Filin uwarmu ne, gidan danginmu ne. Kai ɗan matarsa ne. Naka dangin suna can Ejisu wurin uwarka, je ka nemi gado a can. In an binne, dangi za su zauna su naɗa magaji cikin 'ya'yan 'yan'uwansa mata, kamar yadda aka saba."

Kan Rasmata ya juya. Ɗa na cikinsa, a ce ba shi da gidan ubansa? Ita da aka ƙwace wa 'ya da sunan ɗa na uba ne, ta zo garin da ɗa ba na uba ba ne, kuma nan ma ita ce a ƙasa.

Kwabena ya wurgar da makullan kan tayil.

"Kamar yadda aka saba! Lokacin da ake zuba kankaren rufin gidan nan wa ya ɗauki bulo a ka? Da ciwo ya kwantar da shi wa yake wanke shi, wa yake juya shi? Ina 'ya'yan 'yan'uwan suke a lokacin? Yanzu ya mutu kowa ya ɗinko baƙin zane ya zo da kuɗin fenti!"

Har ga Allah a nan ya faɗi gaskiya, kuma su ma sun sani.

"To ni me na yi maka?" Rasmata ta tambaya. "Ni ina ruwana da bulonku?"

Ya sunkuyar da kai.

"Faɗa mata mana," in ji tsohuwar. "Ko ni in faɗa? Ke 'yar nan, ya karɓi ko sisi a hannunki?"

"A'a."

"To ai ba haya ya ba ki ba, turke ya kafa da ke. In muka je kotu ya ce ga shi, shi ke iko da gidan, har 'yar haya ya sa. In kuma muka jefar da kayanki waje ya ɗauki hoto, ya ce dangi sun ci zarafin baƙuwa. Ya duba duk Kumasi ya zaɓo wadda ba ta san komai ba, ba ta da kowa."

Duk wulaƙancin da Rasmata ta sha a hannun masu gidaje bai yi mata zafin wannan ba, don su ba su yi mata murmushi ba.

Kwabena ya matso, ya rage murya.

"Madam, saurare ni. Makulli na hannunki. Ki kulle ƙofa ki zauna, ba mai ikon fasa ta. Ki daure zuwa Asabar kawai, ni kuma na rantse miki ɗakin nan naki ne, ki zauna kyauta in kin ga dama. Ke kina son ɗaki, ni ina son gidan ubana."

"Ta kulle," in ji ɗaya daga cikin matan. "Mu kuma mu kira samarin dangi su cire ƙofar da ƙyaurenta."

Wayar Rasmata ta ɗauki ƙara. Ta duba, ta kara a kunne.

"Yaya Tasere."

"Mun sauka a tasha. Ga mai tasi, yi masa kwatance."

Ta yi kwatancen, ba ta ma san me bakinta ke faɗa ba. Kafin ta kashe ta jiyo 'yar murya a gefe tana cewa, "Mama ce? Ba ni in ji, Mama ce?"

Wayar ta katse.

Rasmata ta dubi Kwabena, ta dubi makullan da ke ƙasa. Sai ta tsallake su, ta je ta zube gwiwa biyu gaban tsohuwar, ta kama ƙafarta.

"Maame, ba zan kulle wa mamaci ƙofar gidansa ba. Ni ma na binne miji. Amma ki ji ni don Allah."

Ta kwashe komai ta faɗa. Rasuwar, da yadda aka ɗauke yarinyar daga bayanta ranar da ta fita takaba, da roƙon da ta yi ta yi, da sharaɗin Tasere. Inda Asantancin ya ƙare mata hawaye suka ƙarasa.

Maame Afrakoma ta karkata kai kamar ba ta ji daidai ba.

"Tsaya. Ke kika haife ta?"

"Ni na haife ta."

"A cikinki ta kwana, nononki ta sha?"

"E, Maame."

"Kuma wani namiji ne zai zo ya duba ko kin cancanci ki riƙe ta?" Ta juya ga matan. "Kun ji wata ƙasa? Namiji! Me ya sani game da jini? Jini na uwa ne."

"Kin ji ko, Madam?" in ji Kwabena da ɗaci. "Abin da suke kore ni da shi ke nan."

"Kai rufe mini baki, fita."

Ya tsinci makullansa ya fita, amma bai yi nisa ba.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon 'yar rigar makarantar.

"Masu gado da leshi sai gobe da sassafe zan bari su shigo. Yau ɗakin naki ne. Yayan mijin naki ya zo ya gani, ya sha ruwa, ya kama hanya. In ya tafi ki kwashe kayanki ki kai ɗakin baya wurin jikata, har a gama. Bayan nan sai abin da magaji ya ce, ban yi miki alkawari ba."

"Na gode, Maame, Allah ya..."

"Ban gama ba. Baƙin zanen nan ba zan cire ba. Kuma ƙanena na kwance bai shiga ƙasa ba, ba zan yi ƙarya a ɗakinsa ba. In an tambaye ni gaskiya zan faɗa."

"Ba ya jin yarenku, Maame. Ni zan fassara."

"Wannan kuma tsakaninki da Allahnki."

Kafin ka ce me, matan sun kwashe ƙullin leshi sun yi bayan gida da shi. Wadda ta yi dariyar nan ɗazu ita ce ma ta hau kujera ta ƙarasa rataye labule mai furannin, tana mita wai ba a iya sa ƙusa ba. Rasmata ta wanke fuska, ta dama zomkom, ruwan garin geron da ake tarbar baƙo da shi a gida. Garin sauri har ta zubar da rabi.

Abu ɗaya ne ba su iya ɓoyewa ba: motar haya ta riga ta sauke tulin kujerun roba da ƙarafan rumfa a tsakar gida.

Hon ɗin tasi ya yi ƙara a ƙofa.

Balkissa ce ta fara fitowa. Ta yi tsawo, ta rame, an yi mata wani kitso duk ya karkace. Ta tsaya tana kallon uwar kamar tana jiran izini. Sai Rasmata ta buɗe hannu, yarinyar ta kwasa da gudu ta faɗa jikinta.

"Mama, kin ce ba za ki daɗe ba."

"Na sani, uwata. Na sani."

Ta cusa fuska a wuyan yarinyar tana shaƙar ƙamshinta. A ranta ta ce ko gawa goma za a kawo, ba mai sake raba ta da wannan.

Tasere ya fito a hankali. Dogo ne, furfura ta cinye gemunsa, carbi a hannu, ba ya dariya sai da dalili. Rasmata ta durƙusa har ƙasa.

"Yaya, sannu da hanya."

"Yauwa. Nan ne?"

"Nan ne."

Balkissa ta cire takalminta a bakin ƙofa ta shige da gudu, tana zamiya kan tayil.

"Mama, wannan duk namu ne? Har da fanka?"

Tasere ya karɓi zomkom ya kurɓa. Sannan ya shiga duba ɗaki kamar mai sayen sa. Ya murɗa famfo ya ga ruwa. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ja sakata. Ya leƙa banɗaki, ya ɗaga kai ya dubi silin ko da yoyo. Ya shafa bango ya shinshina yatsa.

"Sabon fenti."

"E, Yaya."

"Mai gidan ya san darajar mutane." Ya gyaɗa kai. "Ban zaci haka ba, Rasmata. Gaskiya kin yi ƙoƙari."

Rasmata ta yi hamdala a ranta.

Sai idonsa ya sauka kan tsohuwar da ke zaune a kusurwa, ta harɗe hannu tana auna shi daga sama har ƙasa.

"Wannan fa?"

"Uwar gidan ce."

Ya ɗan rusuna mata, ta amsa da ka. Ya nuna tsakar gida da carbinsa.

"Tambaye ta, kujerun nan da rumfa na mene ne?"

Rasmata ta juya ta maimaita tambayar da Asantanci, idonta na roƙo.

Maame Afrakoma ta dubi Tasere ido cikin ido.

"Ƙanena ne ya mutu. Gobe za a kawo gawarsa a kwantar a ɗakin nan, inda yarinyar nan ke wasa."

Tasere ya juyo ga Rasmata.

"Me ta ce?"

"Ta ce... biki ne, Yaya. Jikarta ake aurarwa."

"Biki."

"E."

"Da baƙin zane?"

"Haka suke yi a nan. Al'adarsu ce."

Tasere ya daɗe yana kallonta. Ya ajiye kofin a kan akwati a hankali. Ya cire hularsa, ya taka har gaban tsohuwar, ya ɗora bayan hannun dama cikin tafin hagu yadda 'yan garin ke yi.

Ya buɗe baki, sai ga Asantanci tsantsa, wanda ya fi na Rasmata nesa ba kusa ba.

"Maame, sannu da rashi. Sannu da haƙuri. Na yi ƙuruciyata a gonakin koko na Sefwi, na san jan ƙyallen nan tun daga bakin ƙofa."

Maame Afrakoma ta runtse ido.

Rasmata ta matso kusa da shi.

"Yaya... don Allah ka bari in yi maka bayani..."

Ko kallonta bai yi ba. Ya mayar da hularsa, ya ɗauki 'yar jakar yarinyar da ya ajiye a bakin ƙofa.

"Balkissa," ya ce, "zo ki sa takalminki."